Wiradjuri: Neman kakanni a cikin takardun waɗanda suka raba ka da su

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da kuma waɗanda dama karatun ya fi musu daɗi. Yau tafiyar da nisa. Ostireliya muka nufa, wajen wata al'umma da ake kira Wiradjuri, kuma maganar neman asali za mu yi.

Ga tambayar da nake so mu riƙe tun daga farko. A ce hukuma ta yi shekara da shekaru tana ɗauke yara daga hannun iyayensu, tana canja musu suna, tana hana su yarensu, har ta kai wasu iyayen da kansu suna ɓoye wa 'ya'yansu ko su wane ne don su tsira. To jikan da ya taso yau yana son sanin tushensa, ta ina zai fara? In kuma ya tono ya gano, wa ke da hurumin ce masa "e, kai namu ne"? Dubban mutane a can suna cikin wannan hali yanzu haka da muke magana.

Kafin Turawan Ingila su sauka a Sidni a 1788, nahiyar Ostireliya tana da mutanenta, waɗanda masana suka ce sun haura shekara 50,000 a wurin. Turawa suka haɗa su duka suka kira su Aborijin, wato 'yan asalin ƙasa, alhali su al'ummomi ne daban-daban. Harsunansu sun haura 250, kowace al'umma da ƙasarta da iyakarta da dokokinta. Wiradjuri na cikin manyansu. Ƙasarsu tana tsakiyar jihar New South Wales, yamma da tsaunukan Blue Mountains, kuma duk jihar babu al'ummar da ta kai su faɗin ƙasa. Ana ce musu mutanen koguna uku: Wambuul da Galari da Marrambidya, waɗanda a taswira za ku gan su da sunayen Macquarie da Lachlan da Murrumbidgee. Garuruwa irin su Bathurst, Dubbo, Orange, Cowra, Griffith da Wagga Wagga duk a ƙasarsu suke zaune. Sunan ma kansa abin sha'awa ne, domin ya fito daga kalmarsu ta "a'a", wato wiraay. Su ne masu cewa wiraay. Maƙwabtansu na arewa, Kamilaroi, su ma daga tasu "a'a" ɗin aka samo sunansu.

A da, ɗan Wiradjuri ba ya buƙatar takarda don ya san kansa. Al'ummar a rabe take gida huɗu, kowa a cikin ɗaya ake haihuwarsa, kuma ta wajen uwa ake sanin inda mutum ya faɗa. Wannan rabo shi ke nuna wa za ka aura, wa ta haramta gare ka, wa za ka kira uwa ko kawu ko da yau kuka fara haɗuwa. Kowa kuma yana da wata dabba ko tsuntsu da ake danganta shi da ita, kula da ita haƙƙi ne a kansa. Har kabarin manyan mutane yana da shaidarsa, don sassaƙa zane suke yi a jikin bishiyoyin da ke kewaye da shi. Kusa da garin Molong akwai kabarin wani mutum mai suna Yuranigh da ya rasu a 1850, har yau ana zuwa ganin bishiyoyinsa. Da yawa daga irin waɗannan bishiyoyi an sare su, wasu an kwashe an kai gidajen tarihi. Wato dai rajistar tasu tana cikin kan dattawa ne da jikin ƙasar kanta. Duk wanda ya raba yaro da dattawa, ya kuma raba shi da ƙasar, to ya ƙona rajistar ke nan ba tare da ya ƙyasta ashana ba.

To ta yaya aka yi rabuwar? A 1813 wasu Turawa uku suka samu hanyar ƙetare tsaunukan nan, a 1815 aka kafa Bathurst. Tumaki da shanu suka biyo baya, suka mamaye wuraren farauta da bakin ruwa. Rikici ya ɓarke. Wani jarumi mai suna Windradyne ya ja mutanensa suka yi turjiya, har ta kai Gwamna Thomas Brisbane ya kafa dokar soja a yankin ranar 14 ga Agustan 1824. An kashe maza da mata da yara, ba wanda ya tsaya ƙirga gawa. A Disambar shekarar Windradyne ya taka har Parramatta, kusa da Sidni, ya gana da gwamnan aka yi sulhu. Ga kuma cututtukan da baƙi suka zo da su suna ta nasu aikin. Ku lura da bambanci ɗaya: mu nan Turawan Ingila mulki suka zo yi, suka bi ta hannun sarakuna, daga baya suka tattara suka tafi. A can zama suka je yi. Ƙasar suke so, mutanen cikinta kuma suka zame musu matsalar da ake neman yadda za a yi da ita.

Waɗanda suka rage, wasu suka koma aikin kiwo a manyan gonakin Turawa. A nan ne iyalai da yawa suka samo sunayen da suke amsawa yau: sunan mai gona, ko sunan gonar, ko wani laƙabi da Bature ya ga dama ya liƙa wa mutum. Wasu kuma aka tara su a sansanonin mishan da na gwamnati, kamar Warangesda da wani fasto John Gribble ya kafa a 1880 a bakin Murrumbidgee, da Brungle, da Erambie a Cowra. A 1883 gwamnatin New South Wales ta kafa abin da ta kira Hukumar Kare Aborijin. Kun ji suna mai daɗi. A 1909 aka yi mata doka, a 1915 aka gyara dokar aka ba ta ikon ɗauke yaro daga hannun iyayensa ba sai ta je kotu ba, ba sai ta nuna an wulaƙanta yaron ba. A rajistar hukumar akwai gurbin da ake rubuta dalilin ɗaukar yaro, kuma akwai inda manaja ya rubuta kawai cewa don yaron Aborijin ne. Shi ke nan dalilin.

'Yan mata ana kai su wani gida a garin Cootamundra, wanda shi ma a ƙasar Wiradjuri yake. Ya yi aiki tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya har ƙarshen shekarun 1960. Ana koya musu wanki da shara da girki, da sun kai shekara goma sha huɗu ko sha biyar sai a tura su aikatau gidajen Turawa, kuɗin aikin nasu kuma hukuma ta riƙe da sunan tana adana musu. Da yawa ba su taɓa ganin kuɗin ba. Maza ana kai su Kinchela, can bakin teku nesa da gida, daga 1924 zuwa 1970, inda ake kiran yaro da lamba a madadin sunansa. Manufar a fili take, ba a ɓoye ta ba: a raba masu hasken fata da danginsu, su narke cikin Turawa, nan da zuriya biyu ko uku a manta. Wani masanin tarihi, Peter Read, da ya bi takardun hukumar, ya ƙiyasta cewa sama da yara 5,000 aka ɗauke a wannan jiha kaɗai tsakanin 1883 da 1969. Shi ne ya fitar da sunan da ake kiran su da shi yanzu, zuriyar da aka sace, a wata ƙasida da ya rubuta a 1981. Rahoton da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta fitar a 1997 kuwa ya ce a faɗin Ostireliya, tsakanin 1910 da 1970, abin ya kama daga yaro ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin uku.

Masu son wasan tanis za su san Evonne Goolagong, wadda ta ci Wimbledon a 1971 da 1980. 'Yar Wiradjuri ce, an haife ta a Griffith a 1951. Ta sha ba da labarin cewa tana yarinya, in aka hango mota mai ƙyalli ta nufo unguwa, ƙarƙashin gado take shigewa don tsoron jami'in hukuma. Ita ba a ɗauke ta ba, amma da tsoron ta girma.

Wannan tsoro shi ne ɓangaren da ya fi damuna a labarin, domin shi ya haifi shiru. Daga 1943 hukumar ta fara ba da wata takardar shaida da ke cire mutum daga ƙarƙashin dokar Aborijin. In ka samu, kana iya zama cikin gari, 'ya'yanka su shiga makarantar gwamnati ba fargabar kora. Sharaɗin shi ne a ga kana rayuwa irin ta Turawa, ka ja baya da danginka na sansani, kuma ana iya ƙwace ta a kowane lokaci. Su da kansu lasin kare suke kiran ta. Ku sa kanku a matsayin uwa mai 'ya'ya biyar a wancan lokaci. Za ki koya musu yare, ki gaya musu su wane ne, mota mai ƙyalli ta zo? Ko za ki yi gum, in an tambaye ki duhun fatarsu ki ce kakansu ɗan Sifaniya ne ko ɗan Indiya? Iyalai da yawa na biyun suka zaɓa, kuma ni ban ga mai bakin zarginsu ba. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To waɗannan ba su bar gida ba, fitar da su aka yi, aka kuma sa su rufe ƙofa da hannunsu.

Yanzu mu zo kan neman. Duk masu wannan aiki a can shawara ɗaya suke fara bayarwa: fara da kanka ka yi baya, kada ka fara da wani sanannen kaka da kake fata naka ne. Takardar haihuwarka, ta auren iyayenka, ta rasuwar kakanni, tsofaffin hotuna da abin da aka rubuta a bayansu, sannan ka zauna da tsofaffin gida ka yi ta tambaya. Sunan gari ɗaya da ya suɓuce daga bakin wata goggo yana iya fin takarda goma amfani, domin a wajensu wuri shi ne mabuɗi. In aka ce kakarka daga Cowra take ko daga Brungle, an riga an rage maka rabin aiki, don iyalan da suka zauna a waɗannan sansanoni sanannu ne.

Daga nan sai takardun hukuma, kuma a nan ne abin ke da ɗaci. New South Wales ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a 1856, amma Aborijin da yawa ba a yi musu ba, musamman na karkara. Sai mutum ya koma rajistar baftisma ta coci-coci, da littattafan da manajojin mishan ke rubuta abin da ya faru kullum, da rajistar makarantu, da ta 'yan sanda da gidajen yari. Akwai ma wani abu da ake kira jerin barguna. A ƙarni na 19 gwamnati na raba wa Aborijin bargo sau ɗaya a shekara, jami'in da ke rabon kuma sai ya rubuta sunan wanda ya karɓa. A wasu shekarun yana rubuta sunan Turanci da na gargajiya da kimanin shekaru da yawan 'ya'ya da wurin zama. Ku duba fa: an ƙwace maka ƙasa an ba ka bargo, yau kuma takardar bargon ce kaɗai wurin da sunan kakan kakanka na asali ya rage.

Haka abin yake kusan ko'ina ka juya. A 1938 da 1939 wani masani, Norman Tindale, da abokin aikinsa Joseph Birdsell suka zaga sansanoni suna auna jikin mutane, suna ɗaukar hotuna, suna rubuta salsalar dubban mutane. Abin da ya kai su shi ne nazarin gaurayar jini, irin binciken da yau ba wanda zai yarda a yi masa. Amma zanen salsalar da suka bari ya zama taska ga iyalai. Hukumar nan kuma, wadda aka canja mata suna a 1940 ta koma Hukumar Jin Daɗin Aborijin, ta fara buga wata mujalla mai suna Dawn a 1952 don tallata nasarorinta. Farfaganda ce tsagwaronta, sai dai cike take da hotunan biki da na makaranta da na ƙwallo, da sunaye a ƙasa. Cibiyar nazarin Aborijin ta ƙasa da ke Kanbera, AIATSIS, wadda ke da sashe na musamman na taimaka wa masu neman dangi, ta ɗora ta a intanet. Akwai mutanen da a nan suka fara ganin fuskar kakarsu. Ga kuma Trove, rumbun tsofaffin jaridu na babban ɗakin karatu na ƙasar, kyauta ne, kana rubuta suna da gari ka ga abin da zai fito. Har takardun soja suna da amfani: a Yaƙin Duniya na Ɗaya doka ta hana ɗaukar wanda ba jinin Turawa ne ya rinjaya a jikinsa ba, don haka wasu suka ɓoye asalinsu suka shiga, sai dai a ga an rubuta launin fata da garin haihuwa da sunan uwa.

Fayil-fayil na hukumar kanta suna ma'adanar takardun jihar, kuma ba kowa ake buɗe wa ba, sai wanda abin ya shafa ko zuriyarsa, ta hannun ofishin harkokin Aborijin na jihar. Wasu sun ɓace, wasu an lalata su. Waɗanda suka rage kuma karanta su sai mai ƙarfin zuciya. Za ka ga an kira kakarka "rabin jini" ko "kwata", kamar ana awon hatsi. Za ka ga manaja ya rubuta cewa ƙazama ce ko malalaciya, ba wanda ya ji ta bakinta. Wasu kuma sukan tarar da wasiƙun da uwa ta yi ta rubutowa tana roƙon a dawo mata da 'yarta, a ajiye cikin fayil, 'yar ba ta taɓa gani ba, ta girma tana zaton an yar da ita ne. Shi ya sa ma'adanun can suke gargaɗi kafin ka buɗe, cewa akwai kalamai masu ciwo da hotunan mamata. Darasin da na ɗauka a nan a matsayina na mai fafutuka shi ne, takardar azzalumi ana karanta ta ne da ido biyu. Suna da rana da wuri ka ɗauka, hukuncin da ya yanke kan halin mutum kuma ka san daga bakin wa ya fito.

Saboda nauyin abin ne aka kafa wata ƙungiya mai suna Link-Up a 1980. Coral Edwards, wadda ita kanta a Cootamundra ta girma bayan an ɗauke ta tana jaririya, ita da Peter Read suka fara ta. Suna bin takardu, su gano dangi, su fara tuntuɓar su, sannan su raka mutum har gida, da mai ba da shawara a gefe. Wani lokaci ana isa a tarar da uwa da rai. Wani lokaci kabari ake kai mutum.

Bari in ba ku misalin da ya nuna ba sai an sace ka ba kafin ka rasa rabin kanka. Linda Burney an haife ta a 1957 a wani ƙaramin gari, Whitton. Mahaifiyarta Baturiya ce mai tushen Sukotlan, mahaifinta ɗan Wiradjuri. Wasu tsofaffi biyu daga dangin uwa suka riƙe ta. Ba ta haɗu da mahaifinta ba sai da ta kai shekara 27, a nan ta gano tana da 'yan'uwa goma, kuma duk tsawon yarintarta tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba ce tsakaninsu. Tana da shekara goma aka yi ƙuri'ar raba gardama ta 1967, inda sama da kashi 90 cikin ɗari suka amince a cire sashen tsarin mulki da ya hana lissafa Aborijin cikin yawan jama'ar ƙasa. Wannan yarinya ita ce ta zama Aborijin ta farko a majalisar New South Wales a 2003, sannan mace Aborijin ta farko a majalisar wakilai ta tarayya a 2016. Ranar jawabinta na farko ta zo da mayafin fatar kangaru mai zanen damo, alamar mutanenta, da farin aku, alamarta ita kanta, ta kuma yi magana da harshen Wiradjuri a zauren. Daga 2022 zuwa 2024 ita ce ministar harkokin 'yan asalin ƙasa.

To, a ce ka gama tono, ka samu sunan kakarka a rajistar Warangesda. Ka zama ɗan Wiradjuri ke nan? Da sauran aiki. Tun shekarun 1980 gwamnatin Ostireliya ke amfani da ma'auni mai ƙafa uku: ka kasance kana da jinin Aborijin, ka ɗauki kanka a matsayin Aborijin, sannan al'ummar da kake ciki ko ka fito daga cikinta ta karɓe ka a haka. Launin fata ba ya ciki, kason jini ma ba ya ciki. In kana neman wani abu da aka ware musu, kamar tallafin karatu ko wani gurbin aiki, akan nemi takardar tabbatarwa mai hatimin wata ƙungiyar Aborijin, misali majalisun ƙasa na yankuna da dokar jihar ta 1983 ta kafa. Su kuma tambayarsu ta farko irin tamu ce in baƙo ya zo neman aure: ɗan gidan wa ne, daga ina, wa ya san kakanninsa? Gwajin DNA da ake tallatawa a intanet ba ya amsa wannan. Yana iya nuna akwai jinin 'yan asalin Ostireliya, yana iya haɗa ka da wani ɗan'uwa da shi ma ya yi gwajin, amma ba zai ce maka Wiradjuri ko Kamilaroi ba, kuma ba zai sa wata dattijuwa a Cowra ta ce ta san gidanku ba.

Wannan ƙafa ta uku ita ce ake ta rigima a kanta, kuma kowane ɓangare yana da hujja. A ƙidayar 2016 mutum 649,171 suka ce su 'yan asalin ƙasa ne, a ta 2021 suka zama 812,728, wato kashi 3.2 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Haihuwa kaɗai ba ta isa ta kawo wannan ƙari ba, mutane ne da a da ba sa faɗa yanzu suke faɗa. Wasu dattawa da suka sha wuyar sansani suna cewa: lokacin da zama Aborijin ke nufin a hana ka shiga wurin wanka na gari, ina kuke? Yanzu da akwai tallafi da muƙamai kowa ya tuna yana da kaka. Kuma gaskiya ne an samu masu ƙarya. A ɗaya ɓangaren, jikan matar da aka sace yana cewa: ta yaya al'umma za ta san ni, alhali gwamnati ta kashe kuɗi da shekaru don kada ta san ni? In aka rufe masa ƙofa, an kammala wa hukumar aikinta ke nan. Ni a ganina ma'aunin yana da kyau a hannun al'umma, don in aka mayar da shi hannun gwamnati ko na kamfanin gwajin jini an koma gidan jiya. Amma wanda ya dawo shi ma akwai nasa ladabin. Ya zo a matsayin mai koyo, ya halarci jana'iza, ya zauna ya saurara, kada ranar da ya samu takarda washegari ya fara magana da yawun mutanen da bai san sunan unguwarsu ba.

Sai kuma masu kallo daga waje da ke auna mutum da ido. A 2009 wani marubucin jarida, Andrew Bolt, ya yi rubuce-rubuce yana cewa wasu masu hasken fata sun zaɓi zama Aborijin ne don cin riba. Cikin waɗanda ya ambata akwai marubuciya Anita Heiss, wadda mahaifiyarta 'yar Wiradjuri ce daga Erambie, mahaifinta kuma ɗan Ostiriya. Aka je Kotun Tarayya, a Satumban 2011 alƙali ya yanke cewa rubutun ya saɓa wa dokar hana wariyar launin fata, yana mai nuni da kurakuran da ke cikinsa da yadda aka murɗe gaskiya. Waɗanda suka ba da shaida sun nuna a haka aka rene su tun suna yara, ba zaɓa suka yi da girma ba. Heiss ta bi da littafi a 2012 wanda takensa ke tambayar ko baƙinta ya ishe ku. Abin da ke ba ni haushi a irin wannan magana shi ne, tsarin da ya shirya a dusashe fatar da gangan, jikokinsa ne kuma ke cewa fatar ta yi haske da yawa.

Akwai hanya ɗaya ta dawowa da ba ta bi ta ma'adanar takardu, ita ce harshe. Stan Grant babba, mahaifin shahararren ɗan jaridar nan Stan Grant da ya yi aiki da CNN, ya ba da labarin cewa yana yaro kakansa ya kira shi da yaren Wiradjuri a kan titi, ɗan sanda ya ji, ya kama tsohon aka kulle shi. Daga ranar bai ƙara yin yaren a bainar jama'a ba, sai in sun shiga daji su biyu. Abin da yaron ya riƙe daga dajin nan, shi ya haɗa da jerin kalmomin da 'yan mishan irin su James Günther suka rubuta a Wellington a shekarun 1830, shi da wani masani Dakta John Rudder, suka fitar da ƙamus na farko a 2005, da wani mafi girma a 2010. Kun ga an sake komawa takardun baƙi, amma a wannan karon akwai kunnen ɗan gida da ya taɓa jin yadda ake furta kalmomin.

Yau ana koyar da Wiradjuri a makarantun garuruwa irin su Parkes, har da 'ya'yan Turawa a ajin. Jami'ar Charles Sturt tana da kwas na gaba da digiri a kan harshen da al'adun. Kalmar da aka fi jaddada musu ita ce yindyamarra, wadda ta haɗa girmamawa da tausasawa da bin abu a hankali. Marubuciya Tara June Winch, ita ma jinin Wiradjuri, ta gina littafinta The Yield a kan wani tsoho da ke rubuta ƙamus kafin ya mutu don jikarsa ta samu abin da za ta dawo ta tarar, ya kuma ci babbar kyautar adabi ta ƙasar, Miles Franklin, a 2020. Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafarar zuriyar da aka sace a majalisa ranar 13 ga Fabrairun 2008, amma a Oktoban 2023 kusan kashi 60 cikin ɗari na masu zaɓe suka ƙi amincewa a ba 'yan asalin ƙasa wata majalisar shawara a cikin tsarin mulki. Link-Up kuwa har yanzu tana karɓar sababbin masu neman dangi, har da 'ya'ya da jikokin waɗanda aka ɗauke.

Nan za mu dakata a wannan mako. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.